Kada Baba Ya Sake Hawa Keken Nan

Litinin

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara duka. Yaya jikin Baba? Anti ta ce mini hannun damansa ya fara motsi, har yana riƙe cokali da kansa. Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce masa Autarsa ba mantawa ta yi ba, aiki ne ya sha mata kai.

Na san za ka yi dariya, a ce mai aikin kwamfuta tana rubuta wasiƙa da biro. Laifin kunnenka ne. Shekara ashirin kana tsaye a kan injin yankan katako, yanzu in na kira ka a waya ba abin da nake ji sai "Eye? Me kika ce?" har in gaji in kashe.

Direban da ya ba ka takardar nan zai sauke wani babban kwali. Keken guragu ne na Baba, irin wanda ake naɗewa a sa a bayan mota. Yaya, ni na zana shi, tun daga taya har birki.

Kullum kana tambayata wai takamaimai me nake yi a kamfanin nan, tunda ba ka taɓa ganin hannuna da baƙin mai ba. To ga shi. Kafin a yanka ƙarfe ko guda, ni nake fara gina abin a cikin kwamfuta. In juya shi ta kowace fuska, in naɗe, in buɗe, in ɗora masa nauyin mutum, ita kuma ta nuna mini inda zai ji jiki. Inda yake da ƙwari ya fito shuɗi, inda zai iya karyewa ya fito ja. In na gama, zanen ya wuce kai tsaye zuwa injinan da ke yankan bututu suna lanƙwasawa. Aikin da a da ake wata biyar ana ƙerawa ana rushewa, mun gama shi cikin sati shida. Saurin nan ne ya sa wata ƙungiyar agaji ta ba mu aikin kekuna ɗari uku, ta bar kamfanoni biyu da suka girme mu nesa.

Mun ɗan sami saɓani da Dogo, shugaban masu ƙira. Ya dage sai an ɗora samfuri a kan injin jijjiga har sati biyu kamar yadda aka saba, alhali ranar miƙa kaya ta matso. Na juya masa fuskar kwamfuta na ce ya duba da idonsa, kilo ɗari da hamsin na ɗora, ko ɗigon ja babu. Na ce zamanin karya kaya don a san ƙarfinsu ya wuce. Mai kamfani ya yi dariya ya goyi bayana, na sa hannu, aka fara ƙira. Dogo dai har yau gaisuwarsa a taƙaice take.

Mai kamfani cewa yake nan gaba mutum zai aiko da awon jikinsa ta waya, a zana masa nasa shi kaɗai, bayan kwana uku ya karɓa. Ni dai fatana Baba ya riƙa fita ƙofar gida yana shan iska, ya huta da kallon silin. Ka rubuto mini yadda ya yi da ya gan shi.

Ƙanwarka,
Auta


Alhamis

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya.

Na tabbata Anti ta nuna maka saƙon da na turo mata da safe. Ina sake jaddadawa: kada Baba ya sake hawa keken nan. Ku naɗe shi, ku sa shi inda yara ba za su taɓa ba. A wasiƙarka ta watan jiya ka ce kullum da la'asar jikoki ke tura shi da gudu har bakin titi yana ta ƙyaƙyata dariya. Da na karanta a lokacin, har hawayen murna na yi. Yau kuwa ko tunawa ba na son yi.

Ga abin da ya faru. Tun farko da baƙin ƙarfe na zana keken. Sai ƙungiyar ta ce ya yi nauyi, mata ba za su iya ɗaga shi zuwa cikin mota ba, aka ce a koma alminiyam. Na canza sunan ƙarfen a jikin zanen, na canza a takardar kayan aiki, na canza ko'ina. Amma a ɓangaren gwaji akwai wani ɗan akwati, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, inda ake zaɓar irin ƙarfen da za a auna. Shi ban taɓa ba. Jiya na buɗe tsohon zanen don in rage shi ya zama na yara, idona ya faɗa kan akwatin nan. Baƙin ƙarfe, Yaya. Har yanzu baƙin ƙarfe ne rubuce a ciki.

Wato keken da na auna babu shi a duniya. Wanda ke duniya kuma, wanda mutum ɗari uku ke zaune a kai wata uku ke nan, ba wanda ya taɓa auna shi.

Na gyara akwatin na sake gwaji. Mahaɗar da ke ƙarƙashin mazauni, inda keken ke naɗewa, ta fito ja wur. Sau uku ina maimaitawa ko za ta ji tausayina. Ba rana ɗaya za ta karye ba. Tsagi ne zai fara daga ciki inda ido ba ya gani, kowane rami a hanya ya ƙara shi, kowace naɗewa ta ƙara shi, har ranar da za ta saki gaba ɗaya da mutum a kai.

Na rufe zanen, na tafi banɗaki na wanke fuska na dawo na zauna. Abokiyar zamana ta miƙo mini shayi tana ba ni labarin ɗinkinta da tela ya ɓata, ina ta gyaɗa kai kamar ina ji.

Ba wanda ya sani sai ni da kai. Kwamfutar ba za ta faɗa wa kowa ba, kuma ba ta yi ƙarya ba, abin da na tambaye ta shi ta amsa. In na yi magana, aikina ya ƙare, kuma ba kamfanin da zai sake yarda da sa hannuna. Wataƙila ma namu ya durƙushe, mutum arba'in da ke cin abinci a nan su koma gida saboda ni. In na yi shiru kuwa... ban ma iya rubuta ƙarshen wannan ba.

Yaya, kai ka tsaya mini har na gama karatu, ban da wanda zan tambaya sai kai. Me zan yi? Kada ka gaya wa Baba dalili. Ka ce masa taya ce ta saki.

Taka cikin tashin hankali,
Auta


Laraba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, kuma Baba bai matsa muku da tambaya ba.

Amsarka ta iso ran Asabar. Layi uku kacal. Ka ce ka cire Baba daga keken, ka tambaye ni su sauran mutanen ba su da 'ya'ya ne, sannan ka ce in tashi yanzu in je in faɗa. Ban tashi ba, Yaya. Wannan shi ne abin da zan mutu da shi a wuyana.

Ran Litinin na je har ƙofar ofishin mai kamfani. Na tarar da baƙi uku, masu son a zana musu gadajen asibiti. Yana ganina ya ce in shigo, ya nuna ni yana cewa ga yarinyar da ta mai da wata biyar sati shida. Suka yi ta jinjina mini. Na yi murmushi na fito, na ce wa kaina gobe.

Goben kuwa, wajen ƙarfe sha ɗaya, waya ta shigo daga ƙungiyar. Wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta mai ciwon ƙafa, 'yarta tana gangarowa da ita daga ƙofar asibiti, keken ya rufe da ita a ciki. Ta faɗi a kan siminti. Ƙugunta ya karye.

Kwana shida ina riƙe da maganar a bakina. Da na faɗa tun ranar da na gani, da an kira su, da yanzu tana gidanta.

Ban koma wajen mai kamfani ba tukuna. Na sauka ƙasa wajen ƙira, na sami Dogo na ja shi gefe na gaya masa komai. Na shirya jin duk abin da zai faɗa, don ya cancanci ya faɗa. Bai ce ai ya gaya mini ba. Ya cire safar hannunsa ya ce, "Nawa ne a waje?" Na ce ɗari uku. Ya ce, "Mu hau sama."

Mai kamfani ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa ta koma kamar toka. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ai wataƙila matar tana da jiki, kuma wa ya san yadda 'yar ta tura ta, keke ɗaya cikin ɗari uku ba hujja ba ne. Ya ce a gyara na gaba a nitse, a bar na baya. Yaya, wallahi wani sashe na zuciyata har ajiyar numfashi ya yi. Sai na ji bakina yana cewa ba ɗaya ba ne, duka ne, kuma in ba a kira ƙungiyar ba ni zan kira su daga wayata. Ya ce, "Ke da kika jawo mana shi, ke ce kuma za ki yi mini barazana?" Dogo ya ce ya riga ya sa an ɗora ɗaya a injin jijjiga, kuma duk ma'aikatansa suna tsaye suna kallo.

Ba a kai tashi daga aiki ba mai kamfani ya kira ƙungiyar.

An sa na rubuta abin da na yi da hannuna na sa hannu. An rufe mini shiga kwamfuta. Mai kamfani ya ce bai kore ni ba, amma kada ya ga ƙafata a sama. Yau da hantsi keken da ke kan injin ya karye, daidai inda jan ya nuna. Ƙarar ta kai har ƙofar waje inda nake zaune.

Ka roƙa mini gafara wajen Allah, ni na kasa ɗaga hannuna.

Auta


Lahadi

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da zuwan Anti, ta kwana biyu tana tilasta mini cin abinci kamar jaririya. Ta ce Baba ya daina tambayar keken, ya koma kwanciya yana fuskantar bango. Wannan ma laifina ne.

Na je asibiti wajen malamar. An yi mata aiki, likitoci sun ce da wuya ta sake zama daram ba tare da ciwo ba. Na sami 'yarta a baranda na gaya mata ko ni wace ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce? Na zaci wani ƙaton mugu ne." Ta ce kwana huɗu tana zargin kanta, tana cewa ita ce ta yi ganganci wajen turawa. Ta ce in tafi, kada uwarta ta gan ni. Na tsaya a bakin taga na hango ta, wata 'yar farar tsohuwa da tabarau a goshi, tana kallon ƙafafunta. Na tafi.

Ga inda ake ciki. Ni da Dogo mun fitar da sabuwar mahaɗa ta baƙin ƙarfe, mai noti huɗu, da za a cire tsohuwar a sa. A kan kwali na zana ta da fensir, wata abokiyar aiki ta shigar a kwamfuta. Wannan karon ta yi sati biyunta cur a kan injin jijjiga, ina zaune a gabanta a kan bokiti. Ta riƙe.

Matsalar ita ce samun mutanen. Ƙungiyar tana da adireshin ɗari biyu da sittin, waɗannan an kira su, an gyara yawancinsu. Sauran arba'in a fili aka raba su wajen wani taro, ba suna ba lamba. An yi sanarwa a rediyo, goma sha bakwai suka zo. Ashirin da uku suna can suna yawo a kan abin da na san zai karye. Ba wanda ya sa ni, amma kullum da safe nake ɗaukar jaka da mahaɗai da sifana in fita nema: bakin asibitoci, kasuwa, tashar mota, ƙarƙashin gada. Duk keken da na hango sai na tsaya na duba. Har na fara bin mutane ina leƙa ƙarƙashin mazauninsu, wata mata ta kira ni mahaukaciya, ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya na shiga kamfani ɗaukar kaya, na tarar ana gwada wata sabuwar manhajar zane a kwamfuta. Gaya mata kawai ake yi nauyin da ake so da girman da ake so, ta zano iri hamsin kafin shayi ya huce. Mai kamfani ya ce dole a saya, don masu gadajen asibiti sun janye, in ba a ƙara sauri ba sai a rufe. Na tsaya daga baya ina kallo. Kyau kam ba a magana. Amma ita ma tana da 'yan akwatunan da mutum zai cike, kuma wanda zai cike ɗin mutum ne mai gajiya irina. Dogo ya ce ko iri dubu za ta zano, ba abin da zai fita ƙofarsa sai ya karya ɗaya da hannunsa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Direban da zai kawo wannan takarda yana ɗauke da mahaɗar Baba. Noti huɗu ne, ka fi ni iya ɗaurewa.

Ƙanwarka,
Auta


Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, da Anti da yara. Na ji daɗin jin Baba ya koma fita. Ka ce wa jikokin nan ban da gudu, ko da an gyara.

Saura keke shida da ba a gano ba. Bari in ba ka labarin na jiya, don na kasa ajiye shi.

Wani mai tura baro ne ya ce mini akwai mai gyaran agogo a ƙofar baya ta kasuwa da ke da irin keken. Na same shi, ƙaton mutum mai furfura, yana zaune gaban ɗan teburinsa da gilashin ido ɗaya a fuska. Tun daga nesa na ga mazaunin ya karkace hagu. Na gaishe shi na yi masa bayani, na ce yana buƙatar ya sauka na minti ashirin kawai.

Ya ce ba inda zai sauka. Ya ce shekara shida da suka wuce wasu masu farar mota sun karɓi tsohon kekensa wai za su gyara, har yau suna gyarawa. Shekara shida yana jan jiki a ƙasa da takalmi a hannu kafin ya sami wannan. Na nuna masa katin aikina, ya ce su ma suna da kati. Na roƙe shi, na rantse masa, ya ci gaba da aikinsa kamar ba na wurin.

Sai na kwanta a ƙasa, Yaya, a cikin ɓawon lemo da ruwan datti, na cusa kaina ƙarƙashin keken na haska da wayata. Tsagin ya ci fiye da rabin ƙarfen. Ina kallonsa yana buɗewa yana rufewa duk sanda mutumin ya motsa. Na ɗauki hoto na miƙo masa daga nan ƙasa, kuka ya ƙwace mini, na ce, "Baba, ni na zana shi, ni na yi kuskuren. Ya riga ya karya wata. Don Allah kada ka bar ni da biyu."

Ya daɗe yana duban hoton da gilashinsa na agogo. Sannan ya kira mahauta biyu da ke maƙwabtaka da shi suka ɗaga shi suka ɗora a benci. Amma hannunsa bai saki tayar keken ba, yana riƙe da ita gam har na ɗaure noti na huɗu. Tsohuwar mahaɗar kuwa a hannuna ta rabu biyu, ban ko matsa ta ba.

Da aka mai da shi ya zauna, ya jijjiga jikinsa ya ji, sai ya ce tunda ga mai zanen ta zo da ƙafarta, yana da magana. Wurin ɗora hannu ya yi tsawo, ba ya barin sa matsawa jikin tebur, kullum a sunkuye yake aiki har bayansa ya ƙage. Birkin ya yi nisa, sai ya miƙa kamar zai faɗo. Ledar mazaunin tana tara zufa, ta fara yi masa gyambo. Ya lissafo abu bakwai, ina rubutawa a bayan takardar sunaye da hannuna mai baƙin mai. Sannan ya ce, "'Yata, kafin ki zana, wa kika tambaya a cikinmu?"

Sati shida na yi ina juya keken nan ta kowace fuska, ban taɓa zama a kansa na awa ɗaya ba, balle in tambayi mai zama. Ya mai da gilashinsa ido ya ce in an tashi zana na gaba a zo a same shi, yana nan kullum ban da ranar hutu.

Ban san ko za a sake barina in zana ko da cokali ba. Mai kamfani ya ce sai an gama da maganar malamar, don danginta sun kai ƙara, kuma suna da gaskiya. Ban ma da ƙarfin tunanin wannan yanzu. Mai agogon ya ce ya san wata yarinya mai sayar da ruwa a tashar mota ta gabas da ke da irin nasa, wai ƙannenta har su uku suke ɗarewa bayan keken in za su koma gida. Na je yau da yamma an ce ta tashi. Gobe tun da sassafe zan koma.

Ka yi mini addu'a, Yaya, in riga tsagin isa gare ta.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta